Tarihin Masu Kwafar Littafi a Ɓoye a Ƙasar Rasha

A cikin sana'o'in da ɗan Adam ya gada tun zamanin da, babu wadda aka yi zaton injin ɗab'i ya binne ta har abada kamar sana'ar kwafar littafi da hannu, domin tun da aka sami na'urar da ke fitar da dubu a yini guda, wa zai sunkuya wata da watanni a kan guda ɗaya? Amma ga shi a tsakiyar ƙarni na ashirin, a cikin daular da ta riga kowa harba tauraron ɗan Adam sama a 1957, wadda kuma take alfahari da cewa babu al'ummar da ta kai tata son karatu, sai wannan tsohuwar sana'a ta farfaɗo, ta yi shekara talatin da ɗoriya tana gudana a ɗakunan girki na Mosko da Leningrad, a hannun injiniyoyi da malaman makaranta da mata masu buga tafireta, waɗanda ladan aikinsu, in an kama su, shi ne ɗauri. Rashawa suna kiran wannan al'ada samizdat, wato abin da mutum ya buga wa kansa ba da izinin hukuma ba, kuma tarihinta ya cuɗanya ƙwarai da tarihin waɗansu ƙagaggun labarai guda biyu da aka wallafa a kan mulkin kama-karya, har ya zama ba a iya bayanin ɗaya ba tare da ɗayan ba.

Asalin al'amarin yana komawa ga shekarar 1922, sa'ad da gwamnatin Kwaminisanci, tun tana jaririya, ta kafa hukumar tace rubutu da ake kira Glavlit, ta ɗora mata alhakin duba duk abin da zai shiga injin ɗab'i a faɗin ƙasar, tun daga littafin falsafa har zuwa takardar da ake mannawa a kwalin ashana. Da yake kuma gwamnati ce ta mallaki maɗaba'u da takarda da kantunan littafi, wanda Glavlit ta juya wa baya ba shi da wata ƙofar da zai ƙwanƙwasa. A manyan ɗakunan karatu an keɓe wani sashe mai kulle, inda ake tara littattafan da aka haramta, ba mai shiga sai da takardar izini wadda ta bayyana abin da zai duba da dalilin dubawar.

Cikin littattafan farko da wannan hukunci ya hau kansu akwai na Yevgeny Zamyatin, wani injiniyan jiragen ruwa da ya taɓa zama ɗan jam'iyyar Bolshevik, ya sha ɗauri a hannun sarkin Rasha saboda ita, ya kuma yi aiki a Newcastle ta Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Farko yana kula da ƙera jirage masu fasa ƙanƙara. Tsakanin 1920 da 1921 ya rubuta labarin da ya sa wa suna Mu, inda ya suranta wata daula ta ƙarshen zamani wadda mutanenta ba su da suna sai lamba, gidajensu na gilashi ne domin kada wani motsi ya ɓuya, an tsara musu sa'ar tashi da ta cin abinci da ta barci a jadawali guda, daga ƙarshe kuma aka gano cewa tushen fitina shi ne ikon da zuciya ke da shi na ƙaga abin da ba ta gani ba, sai aka umarci kowa ya je a yi masa fiɗa a cire shi. Littafin bai sami fita a gida ba, sai a New York aka fara buga shi da Ingilishi a 1924. Da tsangwama ta yi yawa, Zamyatin ya rubuta wa Stalin wasiƙa a 1931 yana roƙon a bar shi ya fita, tun da hana marubuci rubutu daidai yake da yanke masa hukuncin kisa, kuma abin mamaki, da taimakon marubuci Maxim Gorky aka bar shi. Ya mutu a Faris a 1937 cikin talauci, 'yan ƙasarsa ba su karanta shi ba.

A zamanin Stalin kuwa ko kwafar ma ba ta yiwuwa, domin takarda shaida ce, shaida kuma tana iya kai mutum kabari, saboda haka sai aka koma ga hadda. Mawaƙi Osip Mandelstam ya tsara waɗansu 'yan baituka na zambo a kan Stalin a 1933, ya karanta wa abokai ƙalilan da baki, amma duk da haka maganar ta kai inda ake gudu, aka kama shi a 1934, aka sake kama shi a 1938, ya rasu a ƙarshen wannan shekara a wani sansanin fursuna kusa da Vladivostok. Matarsa Nadezhda ta ɗauki waƙoƙinsa a ka, tana ƙaura daga wannan gari zuwa wancan don kada a cim mata, har akwai lokacin da take aikin dare a wata masaƙa tana zagaya tsakanin injuna tana tilawarsu a zuci don kada baiti ya kuɓuce, kuma da wannan haddar tata, tare da 'yan takardun da ta ɓoye cikin tukwane da takalma da hannun amintattu, aka tsirar da mafi yawan abin da ya tsara a ƙarshen rayuwarsa. Haka Anna Akhmatova, wadda ɗanta ke tsare, ta yi da doguwar waƙarta ta makokin waɗanda aka kama: idan ƙawarta Lydia Chukovskaya ta zo, sai ta ɗaga murya tana zancen shayi da yanayin gari saboda kunnen da take zaton an dasa a rufin ɗaki, hannunta kuwa yana rubuta baituka a guntuwar takarda, ta miƙa, ƙawar ta karanta har ta riƙe, ta mayar, sa'an nan a ƙyasta ashana a ƙone takardar a farantin tokar taba. Waƙar ta zauna a kawunan mutane kamar goma fiye da shekara ashirin kafin a yarda a sa ta a takarda. Lokacin da Ba'amurke Ray Bradbury ya buga labarinsa a 1953, na ƙasar da ake ƙone littattafai har waɗansu suka gudu daji kowa ya haddace guda, masu karatu sun ɗauka ƙirƙira ce mai ban al'ajabi, alhali waɗannan mata sun riga sun yi ta a aikace.

George Orwell, wanda Hausawa da yawa suka sani ta Gandun Dabbobi, fassarar Bala Abdullahi Funtua, ya karanta littafin Zamyatin da Faransanci, ya yi sharhinsa a jarida a 1946, sa'an nan a 1949 ya fitar da nasa mai suna 1984, watanni kaɗan kafin rasuwarsa. Gwarzon labarin, Winston Smith, akawu ne a ma'aikatar da aikinta shi ne gyara tsofaffin jaridu domin su dace da abin da jam'iyya ke faɗa yau, kuma laifinsa na farko shi ne ya sayi littafin rubutu ya fara zuba abin da ke ransa. Wanda ya ga kamar Orwell ya zuzuta, to ya dubi abin da ya faru bayan an kashe Lavrenty Beria, shugaban 'yan sandan ciki, a 1953: an aika wa duk masu sayen babban kundin ilmi na Sobiyet waɗansu sababbin shafuka, tare da umarnin su sa almakashi ko reza su yanke shafukan da ke yabon Beria, su liƙa waɗannan a gurbinsu, waɗanda aka cika da ƙarin bayani a kan Tekun Bering. Mawaƙin Poland Czesław Miłosz ya ruwaito a 1953 cewa 'yan ƙalilan daga manyan jam'iyya da suka sami karanta 1984 a ɓoye sun yi ta mamakin yadda mutumin da bai taɓa zama a Rasha ba ya san cikin gidansu haka.

Mutuwar Stalin a watan Maris na 1953, da jawabin asiri da shugaba Khrushchev ya yi a 1956 yana tona ta'asarsa, su ne suka sassauta igiya har sana'ar kwafa ta samu. Ba a daina ɗaure mutum saboda rubutu ba, amma an daina harbe shi, kuma tsakanin shekara biyar a sansani da harsashi a ƙeya akwai tazarar da ta ishi mai ƙarfin hali ya ce zai gwada. Kayan aikin ba su da yawa. Akwai tafireta, wadda aka fi so ita ce Erika ta Jamus ta Gabas saboda ƙarfin bugunta. Akwai takarda sirara kamar ɓawon albasa, da takardar kabon da ake jerawa tsakanin kowane fale biyu. Mai bugawa takan jera fale biyar ko shida, wani lokaci fiye, ta danna kowane harafi da iyakar ƙarfin yatsa don ya ratsa har ƙasa, ta matse layuka, ba ta barin gefe, saboda takarda tsada gare ta kuma ƙaramin ƙunshi ya fi saurin ɓuya. Kwafin sama yakan fito sarai, na ƙarshe kuwa dishi-dishi, sai an ɗaga shi wajen fitila ana cankar haruffa. Injin kwafa na zamani yana nan a ofisoshi, amma a kulle, ƙarƙashin wani jami'i mai rubuta kowane shafi da aka fitar, kuma 'yan sandan ciki, KGB, suna iya gane tafireta ta karkacewar haruffanta kamar yadda ake gane rubutun hannu. Akan ba mutum littafi aron dare ɗaya tak, sai iyali su kewaye tebur, wanda ya gama shafi ya miƙa wa na kusa da shi, kafin gari ya waye an sauke. Wanda kuma littafin ya taɓa masa zuciya, sai ya zauna ya buga nasa biyar, ta haka abin ke yaɗuwa ba tare da mawallafi ya san adadi ba.

A nan ne wannan al'ada ta yi kama da abin da malamanmu suka sani, ta kuma saɓa masa. Ma'abota hadisi sun gina amincin ruwaya a kan isnadi, kowane marawaici yana ambaton wanda ya karɓa daga gare shi har a kai tushe, domin a auna adalcin kowa da kiyayewarsa. Masu samizdat su ma da silsila suke aiki, kuma su ma a kan amana suka dogara, sai dai silsilarsu tsirarta yana cikin ɓoyuwarta: kowa ya san wanda ya ba shi da wanda shi ya bai wa, bai san na uku ba, bai kuma kamata ya tambaya ba, domin abin da ba ka sani ba ba a iya tatsarsa daga bakinka. Illar haka a fili take, nassi yakan gurɓata, mai bugawa ya tsallake layi ko ya gyara abin da yake zaton kuskure ne, har akan jingina wa mawaƙi abin da bai faɗa ba. Amma mai karatu yana da wani ma'auni da ba shi da shi a kan littafin gwamnati, wato sanin cewa wanda ya miƙo masa wannan takarda ya sa wuyansa a kanta.

Hukuma ba ta yi barci ba. A watan Fabrairu na 1961 jami'an KGB suka shiga gidan Vasily Grossman, suka bar shi zaune suka kama littafinsa na yaƙin Stalingrad, wanda a cikinsa ya kuskura ya jera mulkin Hitler da na Stalin a mizani guda. Suka kwashe kwafe-kwafen, da takardun kabon, har da ƙyallen tawadar tafireta. Grossman ya rasu a 1964 yana ganin aikinsa ya hallaka, ashe abokinsa Semyon Lipkin yana riƙe da kwafi, aka ɗauki hotonsa a siririn fim aka fitar, aka buga shi a Suwizalan a 1980. A watan Fabrairu na 1966 kuma aka gurfanar da Andrei Sinyavsky da Yuli Daniel saboda labaran da suka buga a waje da sunayen aro, mai gabatar da ƙara yana karanto maganganun mutanen cikin labari yana ɗora wa mawallafan kamar su suka faɗa. Aka yanke wa na farko shekara bakwai, na biyu biyar, amma dukansu suka ƙi amsa laifi, abin da ba a saba gani ba a irin wannan shari'a. Alexander Ginzburg ya tattara bayanan zaman kotun ya yi kundi, aka ɗaure shi shekara biyar a 1968 saboda kundin, abokinsa Yuri Galanskov ya sami bakwai ya mutu a sansani a 1972, ita ma Vera Lashkova da ta buga musu a tafireta aka ba ta shekara guda. Sai wani ya tattara bayanan wannan shari'ar ita ma. Kowace shari'a ta zama tana haifar da littafin da zai jawo ta gaba.

Daga wannan ne aka sami abin da, a ganina, ya fi kome daraja a tarihin samizdat, ko da yake shi ne mafi ƙarancin armashi wajen karatu. Ranar 30 ga Afrilu 1968 wata mawaƙiya, Natalya Gorbanevskaya, ta buga fitowar farko ta wata mujalla da suka kira tarihin al'amuran yau da kullum, a bangonta an sa sashe na 19 na sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin ɗan Adam. Babu zagi a ciki, babu wa'azi, babu ra'ayin edita, sai dai: an kama wane ranar kaza, an bincike gidan wance an ɗauki littafi kaza, fursunonin sansani kaza sun shiga yajin cin abinci, an kai wane asibitin mahaukata alhali lafiyarsa lau. Idan suka yi kuskure sukan gyara a fitowa ta gaba. Sun kuma shawarci mai labari ya gaya wa wanda ya ba shi mujallar, shi kuma ya gaya wa na gabansa, kada ya yi ƙoƙarin bin silsilar da kansa don kada a ɗauke shi ɗan leƙen asiri. Daular da ke da maɗaba'u dubbai ta mai da tahrifin tarihi sana'a, sai ga waɗansu mutane da tafireta sun ɗauki aikin da ya kamata magatakardan kotu ya yi, sun riƙe shi shekara goma sha biyar, fitowa fiye da sittin. Ita kanta Gorbanevskaya an kama ta a ƙarshen 1969, aka kulle ta a asibitin mahaukata na kurkuku a Kazan.

A kan tambayar ko tsoro yana iya karya kowane mutum, tarihi ya ba Orwell rabin gaskiya. A labarinsa an azabtar da Winston har ya ba da masoyiyarsa, kuma littafin haram guda ɗaya da ya taɓa riƙewa ashe tarko ne, jami'in da ya ba shi yana cikin waɗanda suka rubuta shi. Irin wannan ya faru: a 1972 aka kama Pyotr Yakir da Viktor Krasin, suka karye a hannun masu tambaya, suka ambaci sunayen mutane masu yawa, suka fito gaban 'yan jarida a 1973 suna tuba, mujallar ta yi shiru fiye da shekara guda. A 1973 ɗin ne kuma aka tsare Elizaveta Voronyanskaya, dattijuwar da ta buga wa marubuci Solzhenitsyn babban littafinsa na sansanonin gwale-gwale, aka yi kwana biyar ana tambayarta har ta faɗi inda kwafi yake, bayan 'yan kwanaki aka tarar da ita a rataye a gidanta. Amma ɗaya rabin bai zo yadda Orwell ya zana ba, domin shi ya suranta duniyar da in mutum ya faɗi babu mai ɗaukar abin da ya yar. Solzhenitsyn da jin labari ya ba da izini, aka buga littafin a Faris a Disamba 1973, aka kore shi daga ƙasa a Fabrairu 1974. A watan Mayu na 1974 kuma Sergei Kovalev da Tatyana Velikanova da Tatyana Khodorovich suka kira 'yan jaridun waje, suka miƙa musu fitowa uku da aka yi bashi, suka ce su ne ke ɗaukar alhakin yaɗa ta, suna sane da abin da zai biyo baya. Kovalev ya sami shekara bakwai a sansani da uku na ɗaurin talala.

Kada a zaci masu adabin Mosko kaɗai ne ke wannan aiki. Tatar na Kirimiya, Musulmin da Stalin ya kwashe gaba ɗaya daga ƙasarsu a Mayu 1944 ya zubar a Asiya ta Tsakiya, sun yi ta kwafar takardun koke masu ɗauke da sa hannun dubban mutane suna neman a mai da su gida, jagoransu Mustafa Dzhemilev ya shafe kusan shekara goma sha biyar a tsare. Katolika na Lituweniya suna da tasu mujallar tun 1972. A ƙasashen Bukhara da Samarkand, inda aka rufe madarasu aka bar Mir Arab kusan ita kaɗai a ƙarƙashin idon gwamnati, malamai sun ci gaba da karantar da nahawu da fiƙihu a ɗakunan ɓoye daga littattafan da aka tsirar. A Romaniya kuwa shugaba Ceaușescu ya kai abin maƙura a 1983, ya wajabta wa duk mai tafireta ya yi mata rajista wurin 'yan sanda tare da samfurin haruffanta.

Shin samizdat ce ta rushe Tarayyar Sobiyet? Masu sha'awar labari mai daɗi sukan ce haka, amma hujja ba ta tare da su. Masu karanta ta tsiraru ne a cikin al'umma mai mutum fiye da miliyan ɗari biyu da hamsin, akasari a manyan birane, ko da yake gidajen rediyon waje irin su Radio Liberty sukan karanto ta su mai da ita cikin ƙasar ta iska. Kuma zuwa 1983 KGB ta ɗaure ko ta kori kusan duk masu mujallar tarihin al'amuran yau da kullum, har ta daina fita. Daular ta faɗi ne saboda tattalin arzikin da ya ruɓe, da yaƙin Afganistan, da ƙabilun da suka gaji, da gyaran shugaba Gorbachev da ya kuɓuce masa. Abin da masu kwafa suka yi shi ne, ranar da aka buɗe ƙofa, an tarar akwai abin da za a fito da shi. A 1988 aka buga Zamyatin a ƙasarsa, shekara hamsin da ɗaya bayan rasuwarsa, aka buga Grossman da marubuci Pasternak. A 1989 mujallar Novy Mir ta buga 1984. A Agusta 1990 dokar da ta soke tace rubutu ta fara aiki, sana'ar kwafar dare ta mutu don babu sauran bukatarta.

Yau kwafa ta zama abu mafi sauƙi a duniya, yaro da waya yana aika littafi ga mutum dubu kafin mai tafireta ta jera kabon, sai dai silsilar da a da take ɓoye yanzu a rubuce take: na'ura tana riƙe da wanda ya aika, da wanda ya karɓa, da sa'ar da ya buɗe, kuma hukuma ba ta bukatar tsare dattijuwa kwana biyar kafin ta sani. A Rasha kanta, kotu ta ba da umarnin rufe ƙungiyar Memorial, wadda ta tara mafi girman taskar takardun samizdat a ƙasar, a Disamba 2021, kuma a Maris 2022 aka kafa dokar da ke iya ɗaure mutum har shekara goma sha biyar saboda yaɗa abin da gwamnati ta kira labarin ƙarya a kan soja. Ba a haramta 1984 ba a wannan karon. A ƙarshen 2022 kantin littattafan intanet na LitRes ya bayyana cewa shi ne ƙagaggen labarin da Rashawa suka fi saye a wurinsa a shekarar.